Tafiya a Ƙasa Don Ibada: Me Ya Raba Ta da Zuwa Gona?

Duk wanda ya kwana a Kura ko Bunkure da rani ya san kafin hantsi gefen hanyoyin ruwa ya cika da masu tafiya a ƙasa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974 aka jawo ruwanta zuwa filayen Kadawa, ƙafa ke kai mutum gonar shinkafa da ta alkama, ta kuma kai shi kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan. Ba wanda ke kiran wannan ibada, neman abinci ne. Shi ya sa in aka ce wa manomin nan akwai Kiristocin da ke ajiye mota su yi kwanaki suna takawa cikin karkara don neman kusanci da Allah, zai tambaya: me ya raba tafiyarsu da tawa?

Tushen al'adar a wajen Kirista yana cikin Linjilar Luka, babi na 24. Almajirai biyu na tafe daga Urushalima zuwa ƙauyen Imuwasu, tafiyar kusan kilomita 11, sai wani baƙo ya bi sahunsu suna hira. Ba su gane Almasihu ne ba sai da aka zauna ya gutsuttsura gurasa. A labarin, wanda ya shigo daga baya shi ne mai albarkar. Saboda haka ayarin da ya san asalinsa ba ya tambayar sabon shiga cocinsu ko matsayinsa kafin ya ba shi wuri.

Tsarin kuwa kusan ɗaya ne ko'ina. A yi sammako, a yi addu'a, a taka wani zango baki shiru, a tsaya a inuwa a karanta nassi, a ci abinci tare, a kwana a makaranta ko farfajiyar coci. Ƙaramin misalinsa shi ne Hanyar Gicciye da Katolika ke bi a lokacin azumin da ke gaban Ista, mai zango 14. Sabon shiga yakan zo da tsoron kada a gane bai iya waƙoƙi ba. Daga rana ta biyu sai ya tarar ƙafa ce ke jarrabawar. In tafin ƙafa ya yi bororo, likita da leburan gini kan tabarma ɗaya suke zama, wani ya riƙe wa wani ƙafa yana ɗaurewa.

Mafi shahara cikin irin wannan tafiya ita ce hanyar Santiyago ta ƙasar Sifen. Mai farawa daga iyakar Faransa yakan taka kusan kilomita 800, yana riƙe da ɗan littafin da ake buga wa hatimi a masaukai. Ana ba da takardar shaida ga wanda ya taka aƙalla kilomita 100, kuma a 2023 fiye da mutum 400,000 suka karɓe ta. Nan ne rauninta yake. Da yawa sukan fara daga garin Sariya, wanda ya ɗan haura kilomita 100 ɗin, su biya mota ta kai musu jaka masauki na gaba. Ibadar da aka yanka wa awo, ba a daɗewa take zama yawon buɗe ido.

A Afirka abin bai kai ga haka ba. Kowace 3 ga Yuni ana taruwa a Namugongo ta Yuganda don tuna Katolika 22 da 'yan Angalikan 23 da Sarki Mwanga na Biyu ya sa aka kashe tsakanin 1885 da 1887. Akwai masu yin makonni a hanya, har daga Kenya da Tanzaniya, tsofaffi da matasa. A Senigal, ƙasar da Musulmi suka fi yawa, ana ziyarar Fofangin tun 1888, matasa kuma suna takowa daga Dakar da sauran garuruwa a bikin Fentikos. Masu irin wannan tafiya talakawa ne da suka saba da ƙasa tun suna yara, kamar mutumin Kura. Abin da ya sauya musu ita shi ne niyya, da barin gona da kasuwa na ɗan lokaci, da dogaro ga hannun wanda ba su sani ba.

Bahaushe ma ba baƙon wannan ba ne. Kakanninmu sun tafi Makka a ƙasa ta Borno da Darfur, wasu suka shekara bakwai, wasu suka zauna a Sudan har yau. Titin Kano zuwa Zariya, wanda ya ratsa Kura, ya ga tattakin Arba'in na 'yan Shi'a. Ya kuma ga haɗarin da ke tattare da ayari: a Nuwamba 2015 ɗan ƙunar baƙin wake ya tashi bam a cikinsu a Dakasoye, mutum fiye da 20 suka rasu. Wanda zai shirya tafiyar ibada a karkarar Arewa, ko na wane addini ne, dole ya fara da gaida mai gari da sanar da hukuma, ya kiyaye shukar mutane da lokacin sallarsu. Shiga da sallama ya fi shiga da lasifika.

Ga wanda zai shiga karon farko, kada ya sa sabon takalmi, kada ya cika jaka, kada ya yi tsere da kowa. In an miƙo masa ruwa a moɗa ya karɓa da godiya, domin rabin ladan tafiyar yana wurin mai randar da ke bakin hanya. Manomin Kura ya fi kowane mai ziyara iya tafiya. Bambancin kawai shi ne, shi ya san abin da zai ɗauko, mai ziyara kuwa ya fito ne ya ajiye abin da ya yi masa nauyi. Wanda ya dawo da girman kan da ya tafi da shi, takalminsa kawai ya cinye.