HASUMIYA BIYU: ƘARAR MASU KARATU DA HUKUNCIN MALAMI

Ƙarshen zangon da ya wuce na ba waɗansu manyan yaran ajinmu aron wani littafin Ingilishi, su karanta cikin hutu. Da aka komo, sai ɗaya daga cikinsu, yaro mai natsuwa wanda ba ya yawan magana, ya kawo mini littafin, ya rusuna ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ina tsammani an yage ƙarshensa." Na buɗe na duba, ko warƙa ɗaya ba ta ɓace ba. Na ce masa ai haka mai shi ya ƙare shi. Yaro ya yi shiru, can ya ce, "Ashe kuwa bai kyauta mana ba." Wannan magana ita ta sa na ɗauki alƙalami, don na san ba shi kaɗai ke da ita a ciki ba.

Sunan littafin The Two Towers, watau Hasumiya Biyu. Shi ne na tsakiya cikin littattafai uku da a ke tarawa a kira su The Lord of the Rings, watau Sarkin Zobba. Wanda ya rubuta su wani Bature ne, J. R. R. Tolkin, shehun malamin tsohon harshen Ingilishi a Jami'ar Oksfod. An haife shi a Afirka ta Kudu cikin 1892, ya rasu a Ingila cikin 1973. Labarin ƙage ne, na wata duniya da ya ƙirƙiro da ƙasashenta da harsunanta. Akwai wani zoben sihiri na azzalumin sarki Sauron, wanda in ya koma hannunsa duniya ta shiga uku, ba kuwa abin da ke iya narkar da shi sai wutar dutsen da aka ƙera shi a ciki, can tsakiyar ƙasarsa Mordo. Aka ɗora wa wani ɗan taliki, Firodo, kai zoben can. Shi Bahobite ne, Hobitawa kuwa waɗansu 'yan gajerun mutane ne masu son abinci da zaman lafiya. Su tara suka tashi, littafi na fari bai ƙare ba sai da ayarin ya watse.

To, ƙara uku na kan ji a kan littafin nan, ga yaranmu da kuma manya. Bari mu saurare su ɗaya bayan ɗaya, kamar yadda alƙali ya kan yi.

Ƙara ta fari, wai ba shi da kai ba shi da gindi. Gaskiya ne. Ana buɗe shi sai a tarar da jarumi Boromir yana cikin halin mutuwa, kibau sun soke shi, ba a tsaya gaya wa baƙo ko wane ne ba. Ana rufe shi kuwa a bar Firodo hannun abokan gaba. Amma laifin ba duka na marubuci ba ne. Shi littafi ɗaya ya rubuta, ya kasa shi kashi shida, ya yi ta fama da shi tun daga 1937 har 1949. Masu ɗab'i, kamfanin Allen da Unwin, su suka raba shi uku, don takarda ta yi tsada bayan Yaƙin Duniya na Biyu, suna tsoron hasara. Na fari ya fito ran 29 ga Yuli 1954, na biyu ran 11 ga Nuwamba 1954, na uku sai ran 20 ga Oktoba 1955, kowane a kan sule 21. Ko sunan nan ma Hasumiya Biyu, Tolkin kansa ya yi ta kai da kawowa a kan ko waɗanne hasumiyoyi a ke nufi, don sun fi biyu cikin labarin, kafin ya tsaya a kan Ortank da Minas Morgul. Ku da kuka saba da Magana Jari Ce na Malam Abubakar Imam, wanda shi ma uku ne, kun san ana iya ɗaukar na biyu a ji daɗinsa ko ba a ga na fari ba, don kowane labari yana ƙarewa inda ya ke. Wannan ba haka ya ke ba. Tsakiyar kogi ne, wanda ya faɗa nan kuwa ba shi da damar kukan bai ga gaɓa ba.

Ƙara ta biyu ita ce mai nauyi, a kanta kuma masu karatu suka rabu biyu. Littafin kashi biyu ne. Kashi na fari, babi 11, ba a ko leƙa Firodo. Ana biye da sauran abokansa ne. Miyagun halittun nan Okawa sun sace Hobitawa biyu, Meri da Fifin, sai Aragon da Legolas da Gimli suka bi sawunsu da ƙafa, mil 135 cikin kwana 4. Daga nan sai ƙasar Rohan ta ma'abota dawaki, inda tsohon sarki Teyodin ya ke zaune kamar gunki, munafukin bafadensa Girima ya cika masa kunne har ya daina ganin kowa da gashi. Sai Entawa, makiyayan itatuwa, waɗanda ba su san gaggawa ba, suka kwana uku suna shawara kafin su tashi su malale birnin mayaudari Saruman da ruwa. Sai yaƙin dare a ganuwar Helm, ana ruwa ana tsawa. Kashi na biyu kuwa, babi 10, sai a yar da duk waɗannan, a koma baya a bi mutum uku kaɗai, Firodo da baransa Sam da jagoransu Golum, suna jan ƙafa cikin duwatsu da taɓo.

Yawancin yara maza kashi na fari su ke so. Ba na ganin laifinsu, don wanda ya taɓa ganin hawan salla ba zai karanta sukuwar mayaƙan Rohan jininsa bai motsa ba. Amma da yawa sun faɗa mini da bakinsu, da suka shiga kashi na biyu sai suka riƙa tsallake warƙoƙi suna neman inda za a sake yaƙi. Nan ne na ke so mu yi magana sosai, don wanda ya yi haka ya sha romo ya zubar da nama.

Ku lura, marubucin da gangan ya raba su. Sa'ad da ka ke tare da Aragon ba ka san ko Firodo na da rai ba, kamar yadda shi ma Aragon bai sani ba. Ga shi kuwa duk nasarar da suka ci a ganuwar Helm banza ce in zoben ya faɗa hannun Sauron. Saboda haka kana murna, zuciyarka tana ɗar-ɗar. Sa'ad da ka koma wajen Firodo kuma, kai ka san abokansa sun yi nasara, ka san tsohon malaminsu Gandal da a ke tsammani ya mutu ya komo, amma shi bai sani ba, ba kuwa mai gaya masa. Sai tausayinsa ya kama ka fiye da in da ana tsalle tsakaninsu babi-babi. Cikin 2002 Pita Jakson ya mai da littafin sinima, ya cakuɗa labaran biyu, ana nuna wannan a nuna wancan. Ya sami sauri, amma wannan kaɗaicin ya ragu.

Kashi na biyu kuma nan ne marubucin ya zuba abin da ya gani da idonsa. Tolkin ya yi soja, yana cikin yaƙin kogin Som a Faransa cikin 1916, inda abokansa na ƙuruciya suka halaka. Shi kansa ya faɗa cikin wata wasiƙa cewa Fadamar Matattu, inda su Firodo su ke hangen fuskokin mayaƙan dā kwance ƙarƙashin ruwa, ta ɗebo wani abu daga kamannin arewacin Faransa bayan wannan yaƙi. Yawancin kashin nan kuma cikin 1944 ya rubuta shi, yana aika wa ɗansa Kiristofa babi-babi, shi kuwa yana Afirka ta Kudu yana koyon tuƙin jirgin saman yaƙi. Uba ne ke rubuta wa ɗansa soja labarin tafiya cikin tsoro. Wanda ya san haka ba zai tsallake ba.

Sa'an nan ga Golum, wanda a ganina ba a yi halitta irinsa cikin littattafan uku ba. Dā shi ma ɗan'uwan Hobitawa ne, sunansa Simigol. Ya kashe abokinsa don zoben, ya riƙe shi wajen shekara 500, har ya ƙanjame ya zama abin ƙyama. Firodo ya kama shi, takobi na wuyansa, amma ya yafe masa, ya riƙa kiransa da sunansa na dā. Tun daga nan sai zuciyar Golum ta rabu biyu, ɗaya na son uban gidan da ya ji tausayinsa, ɗaya na son zobe, har Sam ya ji shi yana gardama da kansa. Ku karanta wurin nan da kyau, inda su ke hawan matakalar dutse zuwa Mordo. Golum ya riga ya ƙulla cin amanarsu. Ya komo ya tarar suna barci, Firodo ya ta da kai da cinyar Sam. Ya tsaya yana dubansu, muguntar ta kau daga idonsa, ya miƙa hannu a hankali ya taɓa gwiwar Firodo, kamar tsoho gajiyayye da ya tuna gida. Saura ƙiris ya tuba. Sai Sam ya farka, ya daka masa tsawa, ya kira shi da sunan wulakanci. Shi ke nan, ƙofar ta rufe, ba ta sake buɗewa ba. Sam kuwa ba mugu ba ne, duk littafin ba wanda ya fi shi amana, son uban gidansa ne ya sa shi. Magana zarar bunu ce. Ni da na ke tsaye gaban aji kullum da bakina a buɗe, ban taɓa karanta wurin nan ban tambayi kaina ba, yara nawa na tarar a bakin ƙofar gyaruwa na kore su da kalma guda?

Wannan kuwa shi ne amsar masu cewa mutanen Tolkin ko fari fat ko baƙi ƙirin. Wani mashahurin mai sukar littattafai na Amurka, Edman Wilson, ya yi masa kaca-kaca cikin 1956, ya ɗauke shi abin yara. Amma tun 1955 abokinsa C. S. Luwis ya nuna cewa wanda ya ga yadda nagarta da mugunta su ke kokawa cikin zuciyar Boromir ba zai yi wannan zargi ba. Ku gwada shi da ƙanensa Faramir, uwa ɗaya uba ɗaya. Wan ya nemi ƙwace zoben da ƙarfi, ƙanen kuwa zoben ya zo har hannunsa, ga dakaru, ga daji ba mai gani, ya ƙi ko dubansa, ya yi musu guzuri ya sallame su.

Ban ce littafin ba shi da aibu ba. Mata kaɗan ne ƙwarai cikinsa, in ka ɗebe Eyowin 'yar ƙanwar sarkin Rohan, ita ma leƙowa ta yi. Akwai kuma abin da wani yaro ya tambaye ni, ya ce, "Malam, don me mutanen kudu masu duhun fata, masu giwaye, su ke bayan azzalumi?" Tambayar tana kan hanya, ba kuwa zan rufe ta da tabarma ba. Gaskiya ne akwai wurin da ɗayansu ya faɗi matacce gaban Sam, Sam ya tsaya yana tunanin ko mene ne sunansa, ko mugu ne da gaske, ko kuwa da ƙarya da barazana aka rabo shi da gida. Wurin yana da kyau ƙwarai. Amma 'yan layuka ne, ba a kuwa bar ko ɗaya daga mutanen nan ya buɗe baki ya faɗi nasa ba. Mai karatu ɗan Afirka yana da ikon ya lura da haka, ya faɗa, kana ya ci gaba da karatu da idonsa a buɗe.

Saura ƙara ta uku, ta yaron nan nawa. Golum ya kai su ramin Shelob, wata ƙatuwar gizo-gizo, ba irin Gizon tatsuniyarmu mai wayo da ban dariya ba, wannan yunwa ce tsantsa. Ta harbi Firodo, Sam ya yi tsammani ya mutu, ya ɗauki zoben don ya ƙarasa aikin shi kaɗai. Sai ya ji Okawa suna cewa dafin sumarwa ya ke yi, ba ya kisa. Kafin ya cim musu sun shige da Firodo, sun rufe ƙofa. Nan littafin ya tsaya. Mutanen 1954 wata 11 suka yi suna jira, don Tolkin bai gama bayanan tarihi da harsuna da ya ke so a liƙa a ƙarshe ba, har suka dami kamfanin da wasiƙu. Fushin nan nasu, da na yarona, ni a wurina shaida ce ta gwanintar marubuci. Ba a fushi da mai ba da labari don ya yi shiru sai in labarin ya kama zuciya.

Ga hukuncina. Ƙara ta fari, an raba laifi tsakanin marubuci da tsadar takarda. Ta biyu na kore ta. Ta uku kuwa, mai ƙara ya tafi ɗakin littattafai ya ari na ukun, shi ne diyyarsa. Ba zan gaya muku abin da tausayin Firodo ga Golum ya haifar ba, sai dai ku riƙe karin maganar nan, alheri danƙo ne, ba ya faɗuwa ƙasa banza. Ku karanta da ƙamus kusa, don Ingilishinsa akwai tsofaffin kalmomi, kada kuwa ku tsallake ko warƙa ɗaya. Wanda ya ga ban yi adalci ba, ya rubuto wa Edita, a buga, mu ji hujjarsa. Allah ya ba mu haƙurin karatu, amin.

Wani Malamin Makaranta