Cibiyar Nazarin Taurari ta Ƙasa da Bukatun Fadamar Haɗejiya: Sharhi

Gabatarwa

Maƙasudin wannan takarda shi ne a auna aikin cibiyar nazarin taurari ta ƙasa da ma'aunin bukatun jama'a, kuma an ɗauki Kirikasamma da fadamar Kogin Haɗejiya a matsayin misali. An kafa hukumar NASRDA mai kula da binciken sararin samaniya a 1999, an kuma harba tauraron ɗan'adam na farko na Nijeriya a 2003. A ƙarƙashin wannan hukuma ne cibiyar da ke Nsukka take, wadda aka ɗora wa nazarin taurari, kuma Farfesa Pius Okeke ne ya fara shugabantarta.

Muhalli da Kayan Aiki

Na'urar hangen taurari iri biyu ce. Akwai mai tara haske da madubi, akwai kuma mai faifai wadda ke tara igiyoyin rediyo da ke zuwa daga samaniya. Gajimare ba ya hana ta biyun aiki sosai, amma ta farko ba ta da amfani sai sama ta washe. Nsukka tana kusa da daraja 7 arewa da tsakiyar duniya, inda damina ke da tsawo, alhali Kirikasamma tana sama da daraja 12, inda rani ya fi damina tsawo nesa ba kusa ba. Gaskiya ne hazon hunturu yakan dushe sama a Arewa, to amma akwai darare masu yawa na garau, ga kuma ƙauyuka da hasken lantarki bai dame su ba. Saboda haka hujja ta tsaya cewa wajibi ne a kafa madubin hange a Arewa.

Idan aka waiwayi maƙwabta, Masar ta kafa madubi mai faɗin inci 74 a Kottamiya tun 1964, Gana ta mayar da tsohon faifan sadarwa mai mita 32 na'urar sauraren samaniya a 2017, Afirka ta Kudu kuwa ta buɗe MeerKAT mai faifai 64 a 2018. Darasin Gana shi ne ba sai an jira kuɗi masu yawa ba, abin da ke hannu ma yana iya fara aiki.

Ganin Wata

A ƙasar Hausa babu lamarin samaniya da ya shafi kowa kamar tsayuwar wata, domin da ita ake ɗaukar azumi, da ita ake ajiye shi. Matsakaicin tsawon wata kwana 29 ne da sa'a 12 da minti 44. Masana sun tabbatar cewa idan tazarar wata da rana ba ta kai kimanin daraja 7 ba, ido ba ya ganin jinjirin wata. Hukuncin sanarwa yana hannun Sarkin Musulmi da kwamitinsa na duban wata, kuma babu mai neman a karɓe shi daga gare su. Aikin cibiya shi ne ta riƙa buga wa masu duba lissafin kowane wata da Hausa, watau inda za su fuskanta, da tsawon lokacin da wata zai yi bayan faɗuwar rana. Yin haka zai rage saɓanin da kan raba gari guda gida biyu ranar salla.

Taurarin Manoma

Tun kafin zuwan Turawa malamanmu sun san ilmin hisabi da nujumi. Muhammadu al-Katsinawi, wanda ya rasu a Alƙahira a 1741, ya yi wallafa a kan wannan fanni, kuma a 1967 Mervyn Hiskett ya yi nazari kan yadda lissafin taurarin Larabawa ya shiga waƙoƙin Hausa. A wannan lissafi shekara tana da taurari 28, kowane kwana 13, in ban da Jabha mai kwana 14, jimla 365. Har yau manomi yakan ambaci Zira'a da Nasara da Ɗarfa idan yana zancen damina.

A nan akwai tambayoyi biyu da suka cancanci bincike. Ta farko, taurari suna gusawa daga ma'aunin yanayi da kimanin daraja 1 a kowace shekara 72, don haka lissafin da aka gada yana bukatar a gwada shi da abin da ido ke gani a yau. Ta biyu, ruwan fadamar Haɗejiya ya daina bin damina kaɗai tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ga kuma ciyawar kacala da ta toshe magudanai. Manomin shinkafa da masunci na wajejen Baturiya suna bukatar a haɗa musu lissafin kakanninsu da hotunan tauraron ɗan'adam da ma'aunin ruwan sama, a faɗa musu inda suka dace da inda suka saɓa.

Harshe

Bahaushe yana da sunayen Zara da Gamzaki da Kaza da 'Ya'yanta, yana kuma da kalmar husufi. Lokacin da rana ta yi cikakken husufi ran 29 ga Maris 2006, inuwarsa ta bi ta Gusau da Katsina da Maraɗi. Irin wannan dama ce ta koyarwa, amma ba ta cin nasara sai da littattafai da shirye-shiryen rediyo cikin harshen da jama'a ke ji.

Kammalawa

A taƙaice, ana ba da shawarar abubuwa uku: a kafa tashar hange a Arewa tare da wata jami'a, a riƙa buga jadawalin wata na shekara da Hausa cikin boko da ajami, a kuma tattara lissafin taurari daga bakin dattawan manoma da malaman zaure tun suna raye. Sassan Hausa da na kimiyya na jami'o'inmu su ya kamata su fara wannan aiki na uku, domin ba ya bukatar komai sai rikoda da takarda da tafiya ƙauye.