Gemun Auduga a Gaban Kyamara: Sharhi Kan Kwalliyar Ɓad-da-kama a Wasan Hausa

Duk wanda ya taɓa yin goman tsakiya na watan azumi a Kazaure, ko Roni, ko Gwiwa, ko can Babura a bakin iyakar Nijar, ya san abin da kan faru bayan an sha ruwa. Yara sukan fito ƙungiya-ƙungiya suna bin gidaje da tashe. A cikinsu za a ga wani yaro da bai wuce shekara goma ba, an liƙa masa auduga a haɓa da gira, an cusa masa tsumma a gadon baya ya yi doro, ya riƙe sanda yana takawa da kyar, wai shi tsoho. Wani an rataya masa layu da guraye da ƙunshin saiwoyi, wai shi Jatau mai magani. Wani kuwa an shafe shi da farar ƙasa, an ɗiɗɗiga masa baƙin tukunya, har uwar da ta haife shi sai ta ƙura ido kafin ta gane shi. Malam M. B. Umar ya tattara irin waɗannan wasanni a littafinsa Wasannin Tashe, kuma manazarta sun daɗe suna bitar waƙoƙinsu da jigoginsu. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne hannun da ya liƙa audugar.

Wannan hannu shi ne abin da muke so mu duba a nan, domin a yau ya zama sana'a da ake zuwa makaranta a koya, kuma shi ne wurin da finafinan Hausa suka fi rauni.

Da farko ya kamata mu rarrabe abubuwa biyu da kalma guda ta haɗe. Akwai kwalliyar ado, watau wadda ake yi wa amarya ko tauraruwar fim don ta ƙara kyau. Akwai kuma kwalliyar ɓad-da-kama, wadda aikinta shi ne ta mai da mutum wani daban: yaro ya koma tsoho, lafiyayye ya koma majinyaci, ɗan Adam ya koma aljani, fata mai lafiya ta koma miki ko ƙuna. Ta farkon ta bunƙasa ƙwarai a garuruwanmu, har ta zama abin neman abinci ga 'yan mata da yawa. Ta biyun ita ce marainiya. Kusa da ita kuma akwai abin da za mu kira siddabarun fim, watau dabarun da ake nuna wuta ko ɓacewar mutum ko sarar takobi ba tare da abin ya auku da gaske ba.

Bahaushe ba baƙo ba ne a wannan fage. Maharbi yakan sassaƙa kan burtu ya ɗaura a goshi, ya lulluɓa da baƙin zane, ya duƙa yana tafiya irin ta tsuntsun har ya kusanci namun daji ba su razana ba. Wannan ɓad-da-kama ce da ake gwada ingancinta da cikin mutum, gama in ta gaza ranar ba nama. 'Yan kama sukan yi shigar malamai da allon wasa da tasbaha ta barkwanci. A wasan gauta, matan fada sukan sa riga da rawani su kwaikwayi sarki da hakimansa a gaban idonsu. 'Yan bori suna da tufafin da aka san kowane iska da su. 'Yan dabo kuwa su ne iyayen gidan siddabaru. Kayan aikin duk na gida ne: auduga, da ƙaro, da toka, da gawayi, da farar ƙasa, da shuni, da lalle, da katambiri.

To, ina gizo yake saƙar? A ganina yana wurin da aka ɗauko gemun tashe aka kai shi gaban kyamara ba tare da an tambayi abin da ya sa ya yi aiki a tashe ba.

A tashe akwai wata yarjejeniya tsakanin mai wasa da mai kallo, ko da yake ba wanda ya taɓa furta ta. Matar gidan da aka shigo wa ta san sarai cewa wannan tsohon ɗan maƙwabciyarta ne. Daɗin wasan ma yana cikin wannan sanin: ga gemu fari fat, ga murya ta yaro, ga ƙafafu 'yan ƙanana suna leƙowa ta ƙarƙashin babbar riga. Da za a yi wa yaron kwalliyar da za ta sa a ɗauke shi tsoho na gaskiya, da wasan ya mutu. Ga shi kuma da dare ake yi, a hasken fitila ko farin wata, mai kallo yana nesa da taki biyar ko shida. Saboda haka audugar ba ƙarya take yi ba, alama ce, kuma ta isar.

Fim kuwa wata yarjejeniya ya zo da ita. Kyamara takan matso har ta cika allo da fuskar mutum guda, ta nuna ramukan gashi da jijiyar ido. Labarin kuma yana neman mai kallo ya yarda cewa wannan uban da ke kuka a kan gawar ɗansa tsoho ne da gaske. A nan alama ba ta wadatarwa. Na taɓa zama a wani gidan kallo a ƙasar Roni ana nuna wani fim, aka zo wurin da ya kamata kowa ya yi tsit, sai ga dattijon labarin da furfurar hoda a ka, wuyansa da bayan hannunsa sumul kamar na ango. Wani yaro daga baya ya ce, "Wannan ai tashe ne!" Ɗaki ya ɗauki dariya. Yaron nan ya yi sharhin da ya fi na mutane da yawa, domin ya gane cewa an kawo ƙa'idar wani wasa cikin wani.

Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar a 1990, sana'ar fim ɗin Hausa ta yi nisa a wajen waƙa da ɗaukar hoto da tsara labari mai dogon zango. Amma a dubi jini. Galibi ja ne jawur kamar ruwan zoɓo, kuma haka zai zauna ko da labarin ya ce an kwana biyu da yin raunin, alhali kowane mahauci ya san jini yakan yi duhu ya koma ƙasa-ƙasa in ya sha iska. A dubi majinyaci: an ce ya shekara a kwance, amma leɓensa na sheƙi. A dubi matar da aka tashe ta daga barci da tsakar dare, girarta a zane, jan-bakinta bai goge ba. Wannan na ƙarshen ya fi damuna, don yana nuna cewa kwalliyar ado ta cinye ta ɓad-da-kama, har ɗan wasa ya fi tsoron a gan shi da muni a kan a ƙi yarda da labarinsa. Aljani kuwa har yanzu yakan ɓace ne ta hanyar tsayar da kyamara a janye mutum a ci gaba da ɗauka, dabarar da Georges Méliès, wani ɗan dabo na Faransa, ya yi suna da ita tun wajen 1896. Ba laifi ba ne a yi amfani da tsohuwar dabara. Laifin shi ne inuwar bishiya ta yi tsalle a tsakanin ɗauka biyun, kowa ya ga ɗinkin.

Ba na cewa duka aka taru aka zama ɗaya. Shirye-shiryen da aka kashe wa kuɗi da lokaci, irin na tashar Arewa24 da fim ɗin Mai Martaba na 2024, wanda Nijeriya ta aika gasar Oscar, sun nuna ana iya kula da sutura da fuska in an so. A Legas kuma Hakeem Onilogbo, wanda aka fi sani da Hakeem Effect, ya tabbatar cewa ɗan ƙasar nan zai iya yin miki da ƙuna da tsufa a kan baƙar fata har mai kallo ya kau da kai.

A ƙasashen da sana'ar ta kafu, ilmi ne mai tarihi. Jack Pierce ne ya gina fuskar dodon Frankenstein a 1931, da auduga da wani sinadari mai daskarewa, yana shafe sa'o'i kowace rana a kan fuskar Boris Karloff. Mai karatu ya lura: auduga ce dai, irin ta yaron Kazaure, bambancin yana ga sanin ƙashin fuska. Dick Smith ya mai da Dustin Hoffman tsoho mai shekara 121 a fim ɗin Little Big Man na 1970, ta hanyar liƙa masa gutsattsarin roba mai laushi ɗaya bayan ɗaya maimakon fuska guda, don naman fuskar ya riƙa motsi. Daga finafinan 1981 ne hukumar Oscar ta ware wa wannan fanni kyauta ta kowace shekara, Rick Baker ya fara ɗauka. Ɗalibin wannan sana'a a can yakan koyi tsarin ƙashi da tsoka, da yadda ake ɗaukar zubin fuskar mutum da irin abin da likitan haƙori ke auna baki da shi, da sassaƙa da yumɓu, da haɗa launi, da yadda haske ke sauya launin.

Yaron Gwiwa ko Babura da wannan abu ya shiga ransa, ina zai nufa? Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara koyar da wasan kwaikwayo a 1975, a zamanin Michael Etherton, har aka gina dandalin nan na ƙasa mai siffar gidan Bahaushe. Akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos, wadda aka buɗe a 1995, akwai kuma sashen wasan kwaikwayo a Jami'ar Bayero ta Kano. A irin waɗannan sassa kwalliya takan zo ne a matsayin reshe cikin darasin sutura da tsara dandali. A gida kuwa, Kazaure tana da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya ta Hussaini Adamu da cibiyar koyar da ilmin kwamfuta ta jiha, Babura kuma ta sami Jami'ar Fasaha ta Tarayya a 2021. Za a ce ina ruwan waɗannan da wasa? Ruwansu ya yi tsaki, domin rabin wannan sana'a ilmin haɗa sinadarai ne, siddabarun fim na yau kuwa yawancinsa a kwamfuta ake ƙarasa shi.

Amma ko da an buɗe darasin gobe, akwai tarkon da nake jin tsoro, watau a ɗauko littafin Turawa a karanta wa ɗalibi daga bango zuwa bango. Littafin Richard Corson mai suna Stage Makeup, wanda ya fara fitowa a 1942, shi ne jagora a makarantu da yawa, kuma littafi ne mai amfani. Sai dai al'adar da ya fito daga cikinta farar fata ta sa a gaba. A farar fata duka yakan bar shuɗi da shunayya da rawaya. A fatar Bahaushe kumburi da duhu da sheƙi ne suke nuna wurin. Bature in ya yi rashin lafiya sai ya yi fari. Namu majinyacin fatarsa takan yi toka-toka ta bushe, leɓe ya tsage, ido ya faɗa. Wanda ya haddace launukan littafi zai yi wa ɗan wasanmu raunin da ba a taɓa gani a jikin kowa ba a asibitin Kazaure. Haka kuma kayan aikin. Fatar da ake yi da jelatin tana da araha, amma narkewa take yi a zafi, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu yakan haura digiri 40. Ruwan roba yana sa wa wasu mutane ƙaiƙayi da kumburi. Kayanmu na gida ma ba duka ne lafiyayyu ba: tozalin dutse yana ɗauke da dalma, wadda guba ce, musamman ga yara. Ƙaro kuwa, wanda ƙasar Jigawa ke samarwa, yana liƙa gemu amma gumi yana sake shi. Wa zai zauna ya gwada abin da za a haɗa shi da shi ya jure? Wannan aikin ɗakin gwaji ne, ba na dandali ba.

Akwai kuma abin da littafin waje ba zai taɓa ambata ba. Ɗan wasan da aka shafe sa'a uku ana liƙa wa roba a fuska da hannu, azahar za ta same shi, kuma abin da ke hana ruwa taɓa fata yana hana alwala. Mai kwalliyar da bai tsara aikinsa da lokutan salla ba, ko dai ya ɓata aikinsa ko ya takura mutum a kan addininsa. Haka nan maganar namiji ya taɓa fuskar mace, da maganar ƙarin gashi, duk abubuwa ne da dole mai koyarwa a nan ya san hukuncinsu, ya kuma horar da maza da mata duka biyu.

Babban giɓin da na fi gani shi ne na tsaga. Labarin Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda Adamu Halilu ya mayar fim a 1976, yana faruwa ne a zamanin bauta, lokacin da fuskar mutum ita ce takardar shaidarsa. Duk fim ɗin da zai koma wancan zamani, ko zamanin Ɗantunku da kafuwar masarautar Kazaure a farkon ƙarni na 19, yana bukatar fuskokin da ke ɗauke da zanen gado: na Gobirawa daban, na Kabawa daban, na Barebari daban, ga bille, ga kalangu, ga 'yar baka. A yau sai a tara mayaƙa ɗari a fili, kowa fuska sumul, ko kuma a ja wa kowa layi uku da gawayi ba tare da an san na wace zuriya ba ne. Tabon tsaga ba baƙin layi ba ne; wani a lotse yake, wani a tashe, kuma yana tsufa tare da mai shi. Waɗanda suka san adadin kowane zane da gurbinsa da zurfinsa su ne tsofaffin wanzamai, al'adar kuwa tana ƙarewa, 'ya'yansu da yawa aski da kaciya kaɗai suka gada. Har yanzu akan sami irin waɗannan dattawa a ranar kasuwa a ƙauyukan Roni da Gwiwa, zaune a kan tabarma da zabira a gefe. Ɗalibin kwalliya da zai je ya durƙusa ya ce, "Baba, a nuna mini yadda ake na Katsinawa," ya zana a takarda, ya dawo ya gwada da roba a fuskar abokinsa, sa'an nan ya koma ya nuna wa tsohon ya gyara masa, zai riƙe abin da babu shi a littafin Corson.