Leda Biyu Na Ruwa, Numfashin Yini Guda

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin masu cajin batir a bakin titi nan Badarawa ya ga abin. Idan aka jona batirin mota, aka kwance murafunsa, sai ruwan ciki ya riƙa fitar da 'yan ƙananan kumfa kamar zai tafasa. Masu sana'ar sukan ce wuta ce ke shanye ruwan, shi ya sa suke ƙara masa ruwan batir, kuma ba sa yarda a kunna ashana kusa. Gaskiyarsu. Lantarki ne ke raba ruwa gida biyu: iskar oksijin da muke shaƙa, da haidirojin mai saurin kama wuta.

Da irin wannan kumfar 'yan sama jannati ke rayuwa a tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa, wadda ke shawagi kimanin kilomita 400 a saman kanmu, kuma ba ta taɓa rabuwa da mutane ba tun watan Nuwamban 2000.

Lissafin kansa yana burge ni. Mutum ɗaya yana buƙatar oksijin kimanin giram 840 a yini. Lita ɗaya ta ruwa nauyinta kilo ɗaya ne, kuma kusan giram 890 na ciki oksijin ne zalla. Wato fiya wata leda biyu sun ishi ƙato numfashi daga asubar yau zuwa ta gobe. Wutar kuwa daga manyan farantan sola take zuwa, 'yan uwan waɗanda muke ɗorawa a kan rufin kwano. Rashawa suna da na'urarsu mai suna Elektron, ta Amurkawa kuma ta fara aiki a 2007.

Inda gwanintar take shi ne, a can abu ba ya faɗuwa ƙasa, kumfa kuma ba ta tasowa sama. A batirin mota, kumfa da kanta take hawowa ta fashe. A tashar kuwa sai ta maƙale cikin ruwan, ta toshe hanya. Sai masana suka ƙera wata tukunya mai juyawa da ƙarfi, irin yadda yaro ke wulwula bokiti da ruwa a ciki bai zube ba. Ruwa ya manne a gefe, iska ta taru a tsakiya, a zuƙe ta. Ga kuma tsaron kada iskokin biyu su gauraya, domin haɗuwarsu a rufaffen ɗaki ajali ne. Akwai na'urorin da aikinsu ke nan dare da rana, da sun sansano haidirojin inda bai kamata ba sai su kashe komai.

To ruwan fa, daga ina? Kai kaya sama tsada gare shi, don haka ba a zubar da ko ɗigo. Gumi, tururin numfashi, har fitsari, duk tattarawa ake a tace su tas. A 2023 hukumar NASA ta sanar cewa sun kai ga maido da kashi 98 cikin 100. A 2010 ma an kafa wata na'ura mai sunan masanin nan Bafaranshe, Sabatier, wadda ta riƙa haɗa haidirojin da gurɓatacciyar iskar da mutum ke fitarwa, tana sake haifar da ruwa, har zuwa 2017. Ni dai ban san wani tattali da ya kai wannan ba.

Idan na'ura ta tsaya, akwai tukwanen oksijin na ajiya, da wasu gwangwanaye masu sinadari da ake kunnawa su fitar da iskar da za ta ishi mutum ɗaya yini guda. Su ma da haɗarinsu: a Fabrairun 1997 ɗaya ya kama da wuta a tashar Mir ta Rasha, mutum shida na ciki, hayaƙi ya cika ko'ina kafin su shawo kanta.

Wani lokaci bayan magariba, idan sama ta yi garau, akan ga tashar ta ratsa saman Kaduna kamar tauraro mai tafiya, ba ta ƙyaftawa. Minti kaɗan ta ɓace. Galibi mutum bakwai ne a ciki.