Scrappy-Doo: Sharhi a Kan Tauraron da Ya Raba Kan Masu Kallo

Gabatarwa

A fagen nazarin adabi, akan auna tauraro ta fuska biyu: halinsa, da kuma aikin da yake yi a cikin zubin labari. Wannan takarda za ta duba Scrappy-Doo, ɗan kwikwiyon nan na katun ɗin Amurka, domin nuna cewa gardamar da masoya shirin suka daɗe suna yi a kansa ta samo asali ne daga cakuɗa waɗannan ma'aunai biyu.

Asalin Shirin

An fara nuna Scooby-Doo, na kamfanin Hanna-Barbera, a tashar talabijin ta CBS a shekarar 1969. Joe Ruby da Ken Spears ne suka ƙirƙiro shi. Zubinsa ɗaya ne kullum. Matasa huɗu, wato Fred da Daphne da Velma da Shaggy, tare da karensu Scooby, sukan ci karo da wani dodo ko fatalwa. Sai su bi sawu, su kama shi, su cire abin da ya rufe fuska da shi, sai ga mutum mai wata muguwar manufa. Abin dariyar kuwa shi ne tsoron Shaggy da Scooby.

Ya zuwa 1979 shirin ya riga ya koma tashar ABC, masu kallo sun ragu, har ana batun dakatar da shi. A nan ne aka shigo da Scrappy, ɗan ƴar'uwar Scooby: ƙaramin jiki, kaifin baki, ga neman faɗa da kowane dodo. Dabarar ta ci, shirin ya ci gaba, kuma an yi ta damawa da Scrappy har 1988.

Hujjojin Ɓangarorin Biyu

Masu ƙin Scrappy sukan ce yana da surutu da cika baki. Amma wannan hujja ba ta isa ba. A tatsuniyoyin Hausa, Gizo makwaɗaici ne, maƙaryaci, duk da haka yara na son sa, domin halinsa ne ke tafiyar da labarin. Ke nan mugun hali kaɗai ba ya sa a ƙi tauraro.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce ta zubi. Shirin da aka gina a kan tsoro da gudu ba ya jure wa tauraron da ba ya jin tsoro. Idan kwikwiyo yana kiran dodo dambe, to kwarjinin dodon ya zube. Bugu da ƙari, a 1980 aka cire Fred da Daphne da Velma, aka mai da shirin gajerun labarai, binciken ya kau, dodannin kuma suka zama na gaske.

Masu kare shi kuwa sukan amsa cewa ba Scrappy ne ya yanke wannan shawara ba, masu shirya shirin ne. A ganinsu an bar jaki ana dukan taiki. Sukan ƙara da cewa ba don shi ba, da wataƙila shirin ya mutu tun 1979.

Akwai kuma batun shekaru. Wanda ya tashi da shirin 1969 yana kallon Scrappy a matsayin baƙon da ya ɓata gida. Wanda ya fara kallo bayan 1980 kuwa ya tarar da shi ɗan gida. Kowa ƙuruciyarsa yake karewa, shi ya sa gardamar take da zafi.

Su ma masu shirin daga baya sun ɗauki ɓangare. A fim ɗin 2002, wanda James Gunn ya rubuta, Scrappy ne aka mayar mugun labarin. Wannan ya sa ƙin sa ya zama kamar ra'ayin kowa, alhali yaran da suka so shi suna nan.

Kammalawa

Masu suka sun yi daidai da suka ce shirin ya yi rauni a waɗannan shekaru, amma sun yi kuskure wajen ɗora laifin duka a kan tauraro guda. Darasin da ɗalibi zai ɗauka shi ne, kafin ya yanke wa tauraro hukunci, ya fara tambaya: halinsa ne ya ɓata labarin, ko kuwa zubin da aka saka shi ciki?