Tsokaci a Kan Dabarar Jeranta Makullai Don Kauce wa Kiki-kaka a Cikin Kanel

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce ta yi nazarin wata dabara da masana kwamfuta suka daɗe suna dogaro da ita, wato jeranta makullai, sa'an nan ta auna yadda littattafan koyarwa ke gabatar da ita da yadda take a fagen aiki. Ra'ayinmu shi ne dabarar tana da inganci, amma siffar da ake koyar da ita ta yi gajarta, domin takan nuna wa ɗalibi doka ba tare da ta nuna masa inda dokar ke gazawa ba, balle wanda zai tsare ta. Wannan batu ya shafe mu kai tsaye, tun da yake wayoyin Android da ke hannun masunta da 'yan kasuwa daga Warra har Yawuri duk a kan kanel na Linux suke gudana.

2.0 Ma'anar Kiki-kaka

Kanel shi ne cibiyar babbar manhajar kwamfuta, shi ke raba wa ayyuka lokaci da ma'adana da fayiloli. Saboda ayyuka da yawa ke gudana a lokaci guda, sai aka sanya wa kowane abin tarayya makulli, wanda duk ya riƙe shi sauran su dakata har ya saki.

Alal misali, mu ɗauka akwai masunta biyu a bakin tafkin Kainji da ke tarayya a kan jirgi ɗaya da taru ɗaya. Na farko ya riga ya kwance jirgi yana jiran taru, na biyu kuma ya riga ya ɗauki taru yana jiran jirgi, ba kuwa wanda zai saki na hannunsa. Haka za su yi cirko-cirko har rana ta faɗi, ba kifi. Wannan shi muke kira kiki-kaka. A shekarar 1971 Coffman da Elphick da Shoshani suka zayyana sharuɗɗa huɗu da sai sun haɗu yake aukuwa: abin ya zama mutum ɗaya ke iya riƙe shi a lokaci guda, mai riƙe da wani abu ya tsaya jiran wani, ba a ƙwace abu daga hannun mai shi, sa'an nan jiran ya zagayo ya zama da'ira.

3.0 Ƙarfin Dabarar

Tun kafin wannan, a 1968, J. W. Havender na kamfanin IBM ya bayyana hanyar karya sharaɗi na huɗu. A ba kowane makulli lamba, a kuma wajabta wa kowa ya ɗauke su daga ƙarami zuwa babba. Ga masuntanmu, dokar ita ce jirgi kafin taru. Wanda bai sami jirgi ba, ba shi da izinin taɓa taru, saboda haka wanda ya sami jirgi zai tarar da taru a ajiye.

Hujjar dabarar gajera ce. Idan aka ce da'ira ta samu, to kowa a cikinta yana jiran makullin da ya fi na hannunsa lamba ke nan. In muka bi da'irar muka dawo inda muka faro, sai mu tarar da lambar da ta fi kanta girma, abin da hankali ba zai ɗauka ba. Bugu da ƙari, dabarar ba ta cin lokacin na'ura ko kaɗan, saɓanin dabarar ma'aikacin banki ta Dijkstra, wadda ke bukatar kowane aiki ya faɗi iyakar abin da zai nema tun da fari. Shi ya sa ake haddace ta banki a aji, amma masu rubuta kanel da jeranta makullai suke aiki. Har yanzu wanda ya buɗe fayil ɗin mm/rmap.c na Linux zai ga jerin makullai a rubuce a samansa, wane kafin wane.

4.0 Inda Dabarar Ta Gaza

Sai dai fa, abin da ya yi sauƙi a allo ba lalle ne ya yi sauƙi a aikace ba. Za mu kawo gurabe huɗu.

Na farko, dabarar ta ɗauka an san dukkan makullai tun kafin a fara aiki. A cikin kanel kuwa kowane fayil da ke buɗe yana da nasa makulli, ana haifarsu suna mutuwa dubbai a cikin daƙiƙa. Don haka ba makullai ake jerantawa ba, ajinsu ake jerantawa. To, ina mafita idan aiki yana bukatar makullai biyu 'yan aji ɗaya? Dokar jirgi kafin taru ba ta ce kome ba game da jirage biyu, idan wani yana son juye kifi daga wannan zuwa wancan, wani kuma daga wancan zuwa wannan. A nan sai an ƙara doka ta biyu. Linux yakan duba adireshin abubuwan biyu a cikin ma'adana, ya fara da mai ƙaramin adireshi.

Na biyu, akwai inda jerin da kansa ke sauyawa. Dokar foldodi ita ce uwa kafin 'ya. Amma idan ana ɗauke folda daga wani wuri zuwa wani, wadda take sama yanzu tana iya komawa ƙasa an jima. Maganin da Linux ya yi shi ne duk mai son irin wannan ƙaura sai ya fara riƙe wani babban makulli guda na dukkan tsarin fayilolin, domin dangantakar uwa da 'ya ta tsaya cik har ya gama. Ke nan jeri kaɗai bai wadatar ba, sai da aka tallafe shi.

Na uku shi ne kiran gaggawa daga na'urori. Aiki yana riƙe da makulli, sai saƙo ya shigo daga katin sadarwa, farosesa ya dakatar da aikin ya juya ga saƙon. Idan mai amsa saƙon ya nemi wannan makullin, zai yi ta jira, shi kuwa mai riƙe da shi ba zai motsa ba sai mai jiran ya gama. Ga kiki-kaka da makulli ɗaya tak, alhali ba a saɓa wa jeri ba. Maganinsa shi ne a toshe kiran gaggawa muddin ana riƙe da irin wannan makulli.

Na huɗu, akwai inda ba a iya sanin jerin sam, kamar a ɓangaren zane-zane, inda manhajar mai amfani ce ke kawo jerin abubuwan da take so yadda ta ga dama. A 2013 Linux ya shigo da wani nau'in makulli inda ake ba kowane mai nema tikiti, idan aka yi karo ƙaramin ya saki duk abin da ke hannunsa ya sake farawa, ya bar wa babba hanya. An aro wannan daga fannin rumbun bayanai, inda aka san shi tun 1978. A lura, a nan masu nema aka jeranta, makullan kuwa aka ƙyale su.

5.0 Wa Zai Tsare Dokar?

Babban giɓin da muka gani a siffar littattafai shi ne wannan tambaya. Lokacin da Linux ya fara aiki da farosesa fiye da ɗaya a 1996, makulli guda ne babba ya rufe kanel baki ɗaya. Da aka shiga farfasa shi zuwa ƙanana domin sauri, aikin da bai kammala ba sai 2011, makullai suka yi yawan da ba kan da zai iya riƙe jerinsu. Doka a rubuce a saman fayil ba ta hana mai rubutu mantuwa. Daɗin daɗawa, kuskuren jeri yana iya kwanciya shekaru bai tashi ba, sai ranar da ayyuka biyu suka yi kiciɓis a daidai wurin.

A 2006 Ingo Molnar ya gabatar da lockdep a Linux, FreeBSD kuma yana da makamancinsa mai suna WITNESS tun fitowarsa ta biyar a 2003. Aikin lockdep shi ne duk lokacin da aka ɗauki makulli ana riƙe da wani, sai ya rubuta cewa wannan aji ya gabaci wancan. Ran da ya ga an zo ta bayan gida, ko da ta hanyar makullai uku ko huɗu ne, sai ya yi ƙara, ko da kiki-kakan bai auku ba. Yana kuma lura da matsalar kiran gaggawa. Wannan ci gaba ne babba, amma shi ma yana da iyaka: hanyar da aka bi kaɗai yake gani, kuma saboda nauyinsa a lokacin gwaji ake kunna shi. Hanyar da mai gwaji bai taka ba, tana nan da ramukanta.

6.0 Kammalawa

A taƙaice, jeranta makullai dabara ce mai tushe, amma tana tsayawa ne a kan duwatsun murhu uku: jeri tsakanin aji da aji, doka ta musamman ga 'yan aji ɗaya, da mai sa ido da zai kama saɓani tun bai zama ɓarna ba. Shawararmu ga malaman kwalejojin ilimi ita ce a rage lokacin da ake ba haddar sharuɗɗa huɗu da lissafin banki, a sa ɗalibi ya rubuta ƙaramar manhaja mai makullai biyu, ya ga ta daskare da idonsa, ya gyara ta da jeri, sa'an nan a ba shi makullai biyu 'yan aji ɗaya a ga yadda zai yi. Kwamfuta guda mai Linux ta isa wannan aiki. Malamin da ya taɓa warware kiki-kaka da hannunsa shi zai iya bayyana wa yaran sakandare dalilin dokar, maimakon ya karanta musu ita kawai.