Fentin Hannu da Bugun Katako: Sharhi a kan Kwaikwayon Zanen Japan

Daga cikin kayan ado da suka sami karɓuwa a gidaje da ofisoshi akwai kwaikwayon tsofaffin zane-zanen ƙasar Japan waɗanda ake kira ukiyo-e, wato hotunan duniya mai shuɗewa. 'Yan kasuwa kan tallata su da cewa da hannu aka yi fentinsu, da buroshi da fentin mai, a kan ƙyalle, don mai saye ya ɗauka sun fi bugu daraja. Wannan da'awa ce za a duba a nan.

Da farko ya kamata a san yadda aka samar da na asalin. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, hoto ɗaya aikin mutum huɗu ne: mai zane, da masassaƙi, da mai bugu, da mawallafi wanda yake zuba jari. Mai zane yakan zana da tawada a kan takarda marar kauri, sai masassaƙi ya kife ta a kan allon katako ya liƙa, ya sassaƙe duk inda babu layi. Ta haka zanen hannun kan salwanta tun kafin a buga kwafi na farko. Kowane launi da allonsa, kuma akan yi wata 'yar alama a gefen allo, kento, domin takarda ta riƙa sauka daidai wuri guda. Mai bugu yakan shafa launin da aka dama da ruwa, ya ɗora takarda, ya murza bayanta da wani faifai mai suna baren har launi ya ratsa cikinta. Tun daga 1765, lokacin Suzuki Harunobu, bugu mai launuka da yawa ya zama ruwan dare.

Ke nan babu wani hoton asali na fenti da za a ce ana kwaikwaya. Bugun shi ne asalin. Alal misali, a ɗauki Babbar Igiyar Ruwa ta Kanagawa, wadda Katsushika Hokusai (1760 zuwa 1849) ya zana wajen 1831 cikin jerin hotunansa na Dutsen Fuji. Faɗinta bai wuce santimita 38 ba, kuma an buga dubbai an sayar da araha. Ƙarfinta yana cikin kaifin layi, da shimfiɗar launi ba tudu ba gangare, da shuɗin nan na Purushiya da aka shigo da shi daga waje. Idan aka mayar da ita fentin mai, aka faɗaɗa ta don ta cika bangon ofis, layin kan yi kauri, kumfar da take kama da farata ta koma dunƙulen farin fenti, jiragen ruwa uku da matuƙansu kuwa su zama abin cike gurbi. Fentin kan zauna a saman ƙyalle yana sheƙi, alhali a bugu launi da takarda sun zama abu ɗaya. Abin da ya fi wahala a wurin mai buroshi shi ne bokashi, wato dusashewar launi sannu a hankali, wadda take cika sararin samaniya a hotunan Utagawa Hiroshige.

Masu kare wannan sana'a sukan kafa hujja da Vincent van Gogh, wanda a 1887 ya kwaikwayi hotuna biyu na Hiroshige da fentin mai, ɗaya na gada cikin ruwan sama, ɗaya na lambun Kameido. Hujjar ba ta zauna ba. Van Gogh nazari yake yi: ya zafafa launuka, ya kewaye hotunan da haruffan Japan da ya kwaso daga wasu wurare, abin da ya fito kuwa nasa ne. Mai fenti a kamfanin kwaikwayo, irin waɗanda suka cika ƙauyen Dafen na ƙasar Sin, an hana shi wannan 'yanci, kuma kayan aikinsa sun hana shi cim ma na asali. Ya yi biyu babu.

Duk da haka, ba za a zargi mai rataya hoton Hokusai a ofis da wulaƙanta fasaha ba. Hasali ma don kasuwa aka yi waɗannan hotuna, talakawan birnin Edo ne suka saye su, kuma a 2024 gwamnatin Japan kanta ta sa igiyar a bayan takardar kuɗi ta yen 1,000. Bugu da ƙari, na asalin sun fi ƙarfin aljihu, domin a 2023 an yi gwanjon kwafi ɗaya a Amurka a kan dala miliyan 2.76, sannan haske yana kashe launinsu, shi ya sa gidajen tarihi ba sa daɗewa da baje su. Bukatar kwaikwayo tana nan. Sai dai akwai wanda ya fi dacewa: a Tokiyo, gidan bugu na Adachi, wanda aka kafa a 1928, yana sake sassaƙa alluna yana bugawa da hannu, a kan irin takardar da, kuma a daidai girman da aka san hoton da shi.